Turke ɗaya, farashi biyu: Yadda manyan kamfanonin waya a Birtaniya ke raba data da 'yan hayarsu

Filin wasa na Old Trafford da ke Manchester na ɗaukar mutum sama da 74,000, kuma a ranar da Manchester United ke wasa a gida, da wuya a samu wanda ya shiga ba tare da waya a aljihu ba. Da zarar alƙalin wasa ya busa usur ɗin hutun rabin lokaci, dubban mutane kan zaro wayoyinsu lokaci guda: wannan na tura bidiyo, wancan na duba sakamakon sauran wasanni, wani kuma na neman kiran gida ta WhatsApp.

A irin wannan lokaci ne ake ganin abin da ke ɗaure wa mutane kai. Sandunan sabis a fuskar waya a cike suke, amma saƙo ya ƙi tafiya. Wani lokaci ma mutum biyu na zaune kafaɗa da kafaɗa, wayoyinsu na jone da turken sadarwa ɗaya, hoton ɗaya ya tafi nan take, na ɗayan kuwa yana ta juyawa.

Abin bai tsaya kan 'yan kallo kaɗai ba. Old Trafford unguwa ce ta jama'a, mai gidaje da shaguna da masallatai da coci-coci, inda baƙi daga ƙasashe da dama ke zaune. Direban tasi da ke jiran manhaja ta haɗa shi da fasinja, da mai kai abinci a kan keke, da mai shagon da na'urar karɓar kuɗinsa ke aiki da layin waya, duk suna ɗiba ne daga turakun da taron ya yi wa nauyi.

Tambayar da ke biyo baya ita ce: idan wuri ya cika, wa ake fara sallama? Amsar na cikin wata alaƙar kasuwanci da yawancin masu waya ba su san da ita ba, wato tsakanin kamfanonin da suka mallaki turaku da waɗanda ke haya a kansu.

Masu gida da 'yan haya

Duk da tarin sunayen da ake gani a jikin katunan sim a shagunan Manchester da Birmingham, hanyoyin sadarwar wayar salula na ainihi a Birtaniya huɗu ne aka daɗe da sani: EE da O2 da Vodafone da Three. Waɗannan ne suka sayi izinin amfani da zangon iska daga hukuma, suka kafa turaku, suka ja wayoyin da ke haɗa su. EE mallakin BT ne tun 2016, O2 ya haɗe da Virgin Media a 2021, sannan Vodafone da Three sun zama kamfani guda a ƙarshen watan Mayun 2025.

Sauran duk 'yan haya ne. Ba su da turke ko ɗaya, ba su da zangon iska. Sarin mintuna da data suke yi daga hannun mai gida, su sa sunansu, su yanka nasu farashin, su sayar wa jama'a. A harkar sadarwa ana kiran su MVNO a taƙaice.

Lebara na haya ne a kan Vodafone. Lyca Mobile ya daɗe a kan O2 kafin ya koma EE a 2023. Tesco Mobile da Sky Mobile da giffgaff na kan O2, iD Mobile da Smarty kuma na kan Three. Wasu daga cikinsu ma 'ya'yan gida ne da aka sauya wa suna: giffgaff na masu O2 ne, Smarty na Three, kamar yadda Voxi yake na Vodafone.

A Birtaniya aka fara wannan salon kasuwanci. A watan Nuwamban 1999 ne Virgin Mobile ya fara sayar da layi a kan turakun kamfanin One2One, kuma shi ake ɗauka a matsayin na farko irinsa da ya yi nasara a duniya. Bayan shekaru ya yi ta sauya gidan haya, har daga bisani aka kwashe masu amfani da shi zuwa O2 a 2023.

Mai gida na da dalilinsa na yarda da haya. Kuɗin kafa turke da gyaransa da wutarsa kusan ɗaya ne, ko mutum goma ke amfani da shi ko ɗari. A mafi yawan sa'o'in yini akwai sauran wuri da ke zaune a banza, kuma daƙiƙar da ta wuce ba a sayar da ita ba, ta tafi ke nan. Ɗan haya kan kawo kwastomomin da babban kamfani ba zai iya kaiwa gare su cikin sauƙi ba, ba tare da ya karya farashin sunansa ba.

Me ya sa baƙi suka rungumi layukan haya?

Ƙidayar 2021 ta nuna cewa mutanen da aka haifa a Najeriya da ke zaune a Ingila da Wales sun haura 270,000, kuma Manchester da Birmingham na cikin biranen da suke da yawa bayan Landan. Ga wanda ya sauka sabo, ɗalibi ne ko ma'aikaciyar jinya, layin waya na cikin abubuwan farko da yake nema, domin da shi ake buɗe asusun banki, da shi ake neman gida da aiki.

Kwantiragin shekara ɗaya ko biyu da babban kamfani yakan buƙaci a binciki tarihin mutum na biyan bashi a ƙasar, abin da sabon zuwa bai da shi. Layukan haya da yawa kuwa na wata-wata ne, ana biya kafin a yi amfani, babu bincike, babu ɗauri. Lebara da Lyca Mobile sun gina sunansu ne a kan rangwamen kiran ƙasashen waje, shi ya sa tallansu ya cika tagogin shagunan unguwannin baƙi, daga Cheetham Hill da Moss Side a Manchester zuwa Small Heath da Handsworth a Birmingham.

Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Sai dai a wannan harka maganar ba ta faye zama gaskiya ba, domin a yawancin lokuta layin araha da na tsada ba su da wani bambanci da mai waya zai lura da shi. Bambancin, inda akwai shi, cunkoso ne ke fito da shi fili.

Yadda turke ke gane layin wane ne

Kowane katin sim na ɗauke da wata lamba mai tsawo, dabam da lambar da ake kiran mutum da ita. Alƙaluma uku na farko na nuna ƙasa: 234 na Birtaniya ne, 621 na Najeriya, 614 na Nijar. Waɗanda ke biye na nuna kamfani, alal misali 10 na O2, 15 na Vodafone, 20 na Three, 30 na EE. Ragowar kuma na tantance shi kansa mai layin.

Idan aka kunna waya, takan gabatar da kanta ga turke mafi kusa, turken ya miƙa bayanin ga babbar cibiyar kamfani. A can akwai rumbun da ke ajiye bayanin kowane layi: an biya kuɗi ko ba a biya ba, an yarda ya hau 5G ko a'a, iyakar gudun da aka yanka masa, da matakin da za a sa datarsa. Cibiyar ce ke aiko wa turke da wannan umarni, duk cikin ƙiftawar ido. Saboda haka tun kafin mutum ya buɗe shafi ɗaya na intanet, an riga an san matsayinsa.

'Yan hayar su ma iri-iri ne. Akwai ƙanana waɗanda suna da talla da karɓar kuɗi kawai ke hannunsu, komai na fasaha mai gida ke yi. Akwai kuma manya, irin su Sky Mobile da Lyca Mobile, masu tasu cibiyar da nasu rumbun, waɗanda turaku da iska kaɗai suke haya. Data ɗin kwastoman irin waɗannan kan bi turken mai gida, ta bi ta wata mahaɗa zuwa cibiyar ɗan haya, daga nan ta fita intanet. Wannan na ba su 'yancin tsara nasu hidimomin, da sauƙin tattara kayansu su koma wani gidan idan farashi bai yi musu ba.

Rabon iska sau dubu a daƙiƙa

Masu sauraron rediyo sun san kowace tasha da zangonta. Haka kamfanonin waya suke, kowanne da yankin iskar da aka ba shi, kuma yankin na da iyaka. A fasahar 4G, zango mai faɗin megahaz 20 ana yanka shi gida 100, sannan akwai wata manhaja a cikin turke da aikinta kawai shi ne rabo. Sau dubu a kowace daƙiƙa take yanke shawarar wace waya za ta samu gida nawa.

A ƙaddara cewa ɓangare ɗaya na turke na iya fitar da megabit 150 a daƙiƙa idan komai ya daidaita. Mutum uku ne ke sauke bidiyo? Kowa zai samu wajen 50, ya wadatu har ya yi saura. Idan suka zama 300, abin da zai kai ga kowa bai wuce rabin megabit ba. Sandunan da ke fuskar waya ƙarfin siginar turke kawai suke nunawa, ba su faɗin yawan waɗanda ke layi. Mutum na iya tsayawa a gindin famfo, amma bokiti ɗari na gabansa.

Manyan filayen wasa da tashoshin jirgin ƙasa na rage wannan matsala ta hanyar sanya ƙananan eriyoyi da yawa a cikin gini, kowace ta ɗauki ɓangaren taro. Duk da haka, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ga kuma wani abu: an tsara hanyoyin sadarwa ne bisa tunanin cewa mutane sun fi saukewa a kan turawa, don haka hanyar tura abu daga waya ta fi ƙunci. A filin wasa kuwa kowa so yake ya ɗora hoto da bidiyo, wato kowa ya nufi ƙaramar ƙofa.

Matakan fifiko

Manhajar rabo ba ta ɗaukar dukkan data a matsayi ɗaya. Ƙungiyar 3GPP, wadda ke tsara ƙa'idojin fasahar wayar salula ga duniya baki ɗaya, ta ware matakai tun farkon 4G, daga 1 zuwa 9, waɗanda injiniyoyi ke kira QCI. An ƙara wasu daga baya, kuma 5G na da nasa makamancin tsarin.

Mataki na 1 na kiran murya ne na ainihi, wanda ake keɓe wa hanya tabbatacciya domin magana ba ta jure tsaiko. Shi ya sa sau da yawa kiran waya na yau da kullum ke shiga a wurin da kiran WhatsApp ya gagara, domin shi na WhatsApp data ce kamar kowace, layi ɗaya yake bi da bidiyo da hotuna. Matakai na 6 zuwa 9 su ne na intanet na gama-gari, babu alƙawarin gudu a cikinsu. Ƙa'idar da kanta ta nuna cewa ana iya amfani da na 8 ga kwastomomin da aka fifita, na 9 kuma ga sauran jama'a.

Lokacin da turke ke da sarari, wanda ke mataki na 8 da na 9 gudu ɗaya za su samu. Idan ya cika, sai manhajar ta riƙa ba na gaba kaso mafi tsoka. Ba a cika yanke na baya gaba ɗaya ba, sai dai rabonsa ya ragu, kuma a wurin da dama abin rabon ya yi kaɗan, raguwar na iya zama bambanci tsakanin saƙon da ya tafi da wanda ya maƙale.

Akwai abin da ke sama da duk wani ciniki. A Birtaniya kiran gaggawa na 999 na bi ta duk turken da ya samu, ko da na wani kamfani ne, kuma ba a tambayar layin na mai gida ne ko na ɗan haya.

Hanyoyi huɗu na riƙe linzami

Hanya ta farko da mai gida ke sarrafa datar ɗan haya ita ce wannan ta mataki. A Amurka abin a bayyane yake: kamfanoni da yawa na rubutawa ƙarara a sharuɗɗansu cewa za a iya tura datar masu layin araha baya a lokacin cunkoso. A Birtaniya ba haka kai-tsaye ba ne. 'Yan haya da dama na tallata cewa kwastomansu na samun sabis daidai da na mai gida, kuma abin da ke tsakanin ɓangarorin biyu na cikin yarjejeniyar sari ne, wadda sirrin kasuwanci ce da ba a wallafawa.

Ta biyu ita ce ƙayyade gudu. A nan ba ruwan cunkoso: an yanka wa layi iyaka, ko da tsakar dare ne ba zai wuce ta ba. Ba 'yan haya kaɗai ake yi wa haka ba. A 2019 Vodafone ya fito da tsarin data marar iyaka mai hawa uku ga kwastomominsa na kansa, ɗaya a megabit 2, ɗaya a 10, na ukun kuma ba ƙaidi. Megabit 2 ya isa saƙonni da sauraron sauti, amma bidiyo mai kyau zai wahala.

Ta uku ita ce faɗin mahaɗar da ke tsakanin gidajen biyu. Wani ɗan hayar kan biya ne bisa yawan gigabait ɗin da kwastomominsa suka sha, wani kuma kan sayi bututu mai ƙayyadadden faɗi, ya cusa iya mutanen da ya ga dama. Japan ce ta fi shahara da wannan: layukan araha da ke sayen faɗi daga NTT Docomo an san su da yin sanyi da tsakar rana, lokacin da ma'aikata ke hutun cin abinci, alhali turakun kansu ba su cika ba. A irin wannan hali laifin ba na mai gida ba ne, ɗan hayar ne ya sayi ƙaramin bututu ya tara jama'a. A Jamus ma, lokacin da Telefónica ya sayi E-Plus a 2014, Hukumar Tarayyar Turai ta gindaya sharaɗin a sayar wa ƙaramin kamfani wani kaso na ƙarfin hanyar, wanda zai iya kaiwa kashi 30 cikin 100, kuma Drillisch ne ya samu.

Ta huɗu ita ce jinkirta sababbin fasahohi. Lokacin da EE ya ƙaddamar da 5G a ranar 30 ga Mayun 2019 a birane shida, ciki har da Manchester da Birmingham, kwastomominsa na kansa ne suka fara hawa. 'Yan haya a dukkan hanyoyin sun biyo baya ne a lokuta dabam-dabam, gwargwadon yarjejeniyar kowa. Haka aka gani da kira ta 4G da kira ta Wi-Fi. Wannan ya ƙara muhimmanci bayan da kamfanonin suka shiga rufe 3G, inda Vodafone da EE suka kammala a farkon 2024. Layin da ba a buɗe wa kira ta 4G ba, dole ya koma tsohuwar 2G idan zai yi magana.

Abin lura shi ne iyakar ba ta tsaya tsakanin mai gida da ɗan haya kawai ba. A 2024 EE ya shigo da wani tsari mai suna Network Boost cikin wasu tsare-tsarensa masu tsada, wanda ke ba masu shi fifiko a wuraren cunkoso irin su tashoshin jirgin ƙasa da filayen wasa. Ma'ana, ko a cikin 'yan gida ɗaya akwai na gaba akwai na baya. A dandalin tashar New Street ta Birmingham da yamma, ko a Villa Park ranar wasa, abin da ke tantance matsayin mutum shi ne abin da aka rubuta a kan layinsa, fiye da tambarin da ke jikin katin.

Me doka ta ce?

Birtaniya ta gaji dokar Tarayyar Turai ta 2015 kan buɗaɗɗen intanet, ta kuma riƙe ta bayan ficewarta. Ginshiƙin dokar shi ne kamfani ba shi da ikon toshe wani shafi ko rage masa gudu domin ya fifita wani saboda kasuwanci. Ba zai danne wata manhajar bidiyo ya saki kishiyarta ba. Dokar ta kuma wajabta wa kowane kamfani, babba ne ko ɗan haya, ya bayyana wa kwastoma a cikin kwantiragi yadda yake sarrafa zirga-zirgar data da abin da hakan zai iya jawowa.

A watan Oktoban 2023 hukumar Ofcom mai kula da sadarwa ta sabunta bayaninta kan dokar, inda ta fayyace cewa kamfanoni na iya sayar da tsare-tsare masu inganci na musamman a farashi mafi tsada, kuma suna iya ɗaukar matakan rage cunkoso, matuƙar sun fito fili sun faɗa. Wato fifita wani shafi a kan wani haramun ne, amma fifita wanda ya biya da yawa a kan wanda ya biya kaɗan ya halatta.

Game da alaƙar sari kuwa, Ofcom ba ta tilasta wa masu turaku karɓar 'yan haya, ba ta kuma yanka farashi. An bar abin ga ciniki, bisa hujjar cewa tunda masu gidan sun kai huɗu, za su yi gogayya wajen jawo 'yan haya.

Da gidaje huɗu suka koma uku

Wannan hujja ce ta shiga gwaji lokacin da Vodafone da Three suka nemi haɗewa. A 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta hana Three sayen O2, kuma cikin dalilanta akwai fargabar raguwar zaɓi ga 'yan haya. A wannan karon hukumar kula da gasa da kasuwanni ta Birtaniya, CMA, ta amince a ranar 5 ga Disamban 2024, amma da sharuɗɗa.

Sabon kamfanin, wanda a lokacin haɗewar Vodafone ya samu kashi 51 cikin 100 a ciki, CK Hutchison kuma 49, ya ɗauki alƙawarin aiwatar da shirinsa na zuba fam biliyan 11 wajen inganta hanyar. An kuma ɗaure shi da riƙe farashin wasu tsare-tsare na tsawon shekara uku, tare da bai wa 'yan haya farashin sari da sharuɗɗan da aka riga aka ƙayyade, shi ma na shekara uku. Tunanin hukumar shi ne idan ƙarfin hanya ya ƙaru sosai, kamfanin zai samu sarari mai yawa da zai so sayarwa, gasa ta ɗore da kanta. Masu adawa da haɗewar kuwa sun yi gargaɗin cewa ɗan hayar da ke da ƙofa uku kacal da zai ƙwanƙwasa bai da ƙarfin ciniki irin na mai huɗu. Abin da zai faru bayan shekara ukun zai shafi aljihun miliyoyin masu layukan araha.

Yanka hanya gida-gida

Fasahar 5G mai cin gashin kanta, wadda ba ta jingina da cibiyar 4G, ta zo da wata dabara ta yanka hanya ɗaya zuwa ɓangarori, kowanne da nasa kason da aka keɓe. Vodafone ya fara buɗe irin wannan 5G ga jama'a a 2023, O2 da EE suka biyo a 2024. A bikin naɗin Sarki Charles a watan Mayun 2023, Vodafone ya keɓe wa kamfanin labarai na ITN irin wannan ɓangare domin aika hotuna kai-tsaye daga tsakiyar taron Landan.

Ga 'yan haya, abin na da fuska biyu. Ɗan haya na iya sayen ɓangarensa mai tabbataccen inganci, ya daina zaman jiran ragowa. Amma duk abin da aka keɓe wa wani, daga tukunya ɗaya aka ɗebe shi. A watan Maris na 2025 Manchester United ta sanar da shirin gina sabon fili mai kujeru 100,000 a gefen na yanzu. Idan ya tabbata, gidajen talabijin da jami'an tsaro da masu sayar da tikiti da 'yan kallo da mazauna unguwa duk za su nemi kasonsu daga iska ɗaya.

Abin da mai sayen layi zai duba

Matakin farko shi ne sanin a kan wane gida layin yake haya, domin idan mai gidan bai da ƙarfi a unguwar mutum, babu ɗan hayarsa da zai fi shi. Ofcom na da taswira a shafinta da ke nuna ƙarfin sabis idan aka sa lambar unguwa. Wanda ke riƙe da layi biyu domin ɗaya ya ceci ɗaya, ya kamata ya tabbatar ba a kan gida ɗaya suke ba: giffgaff da Tesco Mobile, alal misali, tare suke faɗuwa idan turken O2 ya samu matsala.

Sai duba sharuɗɗa: akwai iyakar gudu? An buɗe 5G da kira ta 4G da ta Wi-Fi? Me aka rubuta game da lokacin cunkoso? Gwajin da ya fi faɗin gaskiya shi ne wanda aka yi a wurin da mutum ke aiki da lokacin da jama'a suka fi yawa. Sauya kamfani ma ya yi sauƙi tun Yulin 2019: a tura kalmar PAC zuwa 65075, a samu lambar da za a ba sabon kamfani, a tafi da tsohuwar lambar waya.

Darasi ga Najeriya

Abin da Birtaniya ta fara a 1999 yanzu ya iso gida. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta tsara lasisin kamfanonin haya mai hawa biyar, kuɗinsa daga naira miliyan 35 zuwa miliyan 500, ta kuma fara rabawa a 2023, har waɗanda suka samu suka haura 40. Sai dai lasisi ba ya kunna layi. Dole kowannensu ya zauna da ɗaya daga cikin masu turaku, wato MTN ko Airtel ko Glo ko 9mobile da ya koma T2, su daidaita farashin sari, kuma tattaunawar ta ɗauki lokaci mai tsawo ga yawancinsu.

A wasu ƙasashen Afirka tsarin ya kama ƙasa, musamman ta hannun bankuna. Equitel na bankin Equity a Kenya na haya a kan Airtel, sannan a Afirka ta Kudu bankunan FNB da Capitec sun sayar da layuka masu sunansu a kan turakun Cell C.

Bambancin da ke akwai shi ne ɗan haya ba ya ƙara ko turke ɗaya. A inda hanya ke da sarari, yakan kawo araha da zaɓi. A inda ta riga ta cika, kamar Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari a Kano da tsakar rana, ko ƙofar fada ranar hawan Sallah, ƙarin baki ne a kan ƙwarya ɗaya. A ƙasar da kamfani guda, MTN, ke riƙe da kusan rabin layuka, kuma aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, jama'a za su yi maraba da duk wanda ya zo da rangwame. Aikin da ke gaban hukuma shi ne tabbatar da cewa duk mai sayar da layi ya faɗa wa mai saye a kan turken wa yake, an yanka masa gudu ko a'a, da kuma inda za a ajiye shi a layi ranar da wuri ya cika.